Facin hannu da SSEEdit ko Bashed Patch: wanne ya dace da matsalarka?

Malam Auwalu, ka ce ka ɗora mod biyu, wato ƙarin fayilolin da 'yan wasa ke yi don sauya wasa, a wasan kwamfuta na Skyrim Special Edition, ɗaya yana gyara fuskar Lydia, jarumar da ke raka ɗan wasa, ɗayan yana ƙara mata ƙarfin faɗa, sai fuskar ta yi duhu, ta bambanta da launin jikinta. Kana tambaya ko Bashed Patch, facin da manhajar Wrye Bash ke haɗawa da kanta, zai isar maka, ko sai ka zauna ka yi faci da hannu a manhajar SSEEdit. Faci dai fayil ne da ke sasanta mod ɗin da suka saɓa.

Kafin a zaɓa, a san inda rikicin yake. Wasan yana ajiye bayanan Lydia gaba ɗaya a rikodi guda: fuska, gashi, kaya, makami, ƙarfi. Idan mod biyu suka taɓa rikodi ɗaya, wasan ba ya haɗa su. Wanda ya zo ƙarshe a jerin lodi shi yake ci, na farkon ya ɓace, kamar mutum biyu su yi rubutu a allo ɗaya, na biyun ya wanke na farko. A wajenka mod ɗin ƙarfi ne a ƙasa, ya dawo da bayanan tsohuwar fuska, alhali fayilolin sabuwar fuskar suna nan. Rashin jituwar nan ce take kawo duhun. LOOT manhaja ce, yana jera mod bisa tsarin da wasan zai loda su, kuma ka riƙa amfani da shi, amma jeri kawai yake yi. Ko ya sauya musu wuri, ɗaya ne dai zai ci.

Bashed Patch gwani ne a abu ɗaya: jerin kayan da wasan yake zaɓowa daidai da matakin ɗan wasa, wato abin da ɗan fashi zai riƙe, abin da za ka tarar a akwati, abin da ɗan kasuwa zai sayar. A ce mod uku kowanne ya ƙara takubbansa a jerin makaman 'yan fashi. Ba faci, na ƙarshe kaɗai za ka gani. Wrye Bash zai tattara ukun ya zuba a fayil guda cikin 'yan mintuna. Wannan aiki kada ka yi shi da hannu, jerin suna da yawa, ido zai gaji ka tsallake wani. Raunin sa kuwa, bai san nufinka ba. Alamomin da aka liƙa wa kowane mod yake bi, irin su Delev da Relev, masu gaya masa cewa mod ya cire ko ya sauya wani abu a jerin, in alamar ba daidai ba ce sakamakon ma haka. Kuma duk lokacin da ka ƙara ko ka cire mod, dole ka sake gina shi.

SSEEdit kuwa yana buɗe maka rikodin Lydia, kowane mod da layinsa daga sama zuwa ƙasa, kusa da juna, inda suka saɓa ya yi ja. Sai ka danna dama a kan mod ɗin fuska, ka zaɓi Copy as override into, ka ba sabon fayil suna, sannan ka ja alƙaluman ƙarfi daga ɗaya layin ka ajiye a naka. Facin ya zauna a ƙasan su biyun. A nan kai ne mai hukunci: fuska daga wancan, ƙarfi daga wannan. Ranar farko allon zai ba ka tsoro, amma da ka gyara rikodi ɗaya ka ga Lydia ta dawo daidai, sauran duk hanya ɗaya ce. Ka kuma sa wa ƙaramin faci alamar ESL, wadda ke sa wasan ya ɗauke shi a matsayin ƙaramin fayil, don kada ya cinye maka gurbi, tunda manyan fayiloli ba sa wuce 254.

Saboda haka matsalarka ta SSEEdit ce. Idan mod ɗinka sun yi yawa, ka yi duka biyun: LOOT da farko, facin hannu, sannan Bashed Patch can ƙasa.

Akwai abin da babu ɗayansu da zai magance. Idan mod biyu suka kawo hoton sulke ɗaya, rikicin fayil ne, a manhajojin sarrafa mod, Mod Organizer 2 ko Vortex, ake zaɓar wanda zai hau kan wani. Idan kuma mod biyu suka gina gida a fili ɗaya a Whiterun, wani gari a cikin wasan, wannan sai Creation Kit, manhajar gina wurare a wasan, ko ka haƙura da ɗaya.

Mu da ke Kano akwai ƙarin lura. SSEEdit yana daɗewa kafin ya gama loda jeri mai tsawo a irin kwamfutocin hannu na biyu da muke saya a Beirut Road, kuma in aka ɗauke wuta batir ya mutu ba ka adana ba, aikin ya tafi. Ka cika caji, ka riƙa adanawa bayan kowane gyara. Kafin ka fara ma, ka duba shafin mod ɗin a Nexus Mods, dandalin da ake sauke mod, sau da yawa wani ya riga ya yi facin, kuma ɗan ƙaramin fayil ne da ba zai taɓa maka data ba. Ka gwada shi a sabon wasa tukuna, ka bar tsohon wasan da ka adana a gefe.