Wata takwas ina shan Levothyroxine: abin da na gani a al'adata

Da can kwana biyar nake yi in yi wanka. Sai al'adata ta koma kwana tara, wani watan goma, jini mai yawa har da gudaji. Lissafin sallah ya rikice mini, har na je ina tambayar malamarmu ta Islamiyya ko istihala ce. Ga kasala, ga jin sanyi ana tsakiyar zafi, mai kitso kuma tana ta cewa gashina na zubewa. Aka ce ciwon sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe kusan shekara, shiru.

Likitar mata ce ta shafa wuyana ta ce a yi mini gwajin TSH, wato gwajin jini da ke nuna yadda tayirod ke aiki. Sakamakon ya nuna tayirod ɗina, wato halittar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ba ta fitar da isasshen sinadari. Ta ce idan sinadarin ya yi ƙasa, ƙwan mace ba ya fita a kan kari, sai jinin ya yawaita ko ya rikice. Idan kuma ya wuce kima, jinin kan ragu, wani lokaci ya ɗauke.

Ta ɗora ni a kan Levothyroxine, maganin da ke cike gurbin wannan sinadarin, ƙwaya ɗaya mai maikirogiram 50 kullum. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta da wahalar haɗiya, amma tana da sharuɗɗa. Da asuba nake sha da ruwa zalla, ciki babu komai, in jira aƙalla rabin awa kafin shayi. Maganin ƙarin jinin da nake sha sai bayan awa huɗu, domin sinadarin ƙarfe yana hana ta shiga jiki. Awara ma, da nake so sosai, na daina karyawa da ita, don ita ma takan rage shigar ƙwayar jiki. A watan azumi na fi jin nauyin wannan, don sai na tashi tun kafin sahur.

Ƙwayar ba ta aiki nan take. Sai da na kai mako shida aka sake gwaji, aka ƙara mini zuwa 75. A wata na uku al'adata ta dawo kwana shida, gudajin ya tafi, alhamdu lillahi.

Na gamsu da ita ƙwarai, sai dai ba ƙwayar da za ki saya a kemis don kin ji labarina ba ce. Gwajin jini ne ke faɗin adadin da ya dace da ke. Nawa na gaba wata mai zuwa ne.