Shekara Guda da Ajiye Bayanan Bincikena a Zenodo

Wata bakwai na yi ina zirga-zirga tsakanin Gombe da Dadin Kowa, ina bin manoman rani gona-gona da takardar tambayoyi: nawa aka sayi buhun taki, nawa aka kashe a man injin ban ruwa, buhu nawa na shinkafa aka ɗauka. Da na kammala digiri na biyu, duk wannan wahala ta taru a cikin filas guda ɗaya da nake ratayawa a jikin makullin babur. Ranar da na kai shi wani shagon buga takardu ya kwaso cutar kwamfuta, kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Allah Ya rufa asiri akwai kwafi a imel ɗin malamina. Shi ne ya ce min, "Kai, ka kai abin nan Zenodo ka huta." Na ce, "To, Malam," amma sai da na yi wata guda ina jan ƙafa.

Zenodo rumbu ne na intanet da masu bincike ke zuba bayanansu. Cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ce ke riƙe da shi tun 2013, kuma ko kwabo ba a biya. Na shiga da lambata ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, na ɗora fayil uku. Ana ba kowane kundi har gigabait 50, nawa ko ɗaya bai kai ba. Shafin da Turanci yake, amma wanda ya iya cike fom ɗin makaranta ba zai sha wuya ba.

Abin da ya sa na yi jan ƙafa shi ne maganar da kowa ke yi a wurinmu: "Za a sace maka aiki." Ni ma na yarda da ita a da. Sai na lura abin da ke ɓoye a aljihu ya fi sauƙin sacewa, domin ba ka da shaida. A Zenodo, da ka wallafa za a ba ka lambar DOI, wadda ke ɗaure sunanka da ranar da ka ɗora. Na zaɓi lasisin CC BY, wato kowa ya yi amfani da bayanan amma dole ya ambaci mai su. Wanda kuma bai fitar da maƙalarsa ba tukuna yana iya rufe fayilolin zuwa ranar da ya sa da kansa. Wannan ne ya fi kwantar min da hankali.

Aikin gaske kafin ɗorawa yake. Manoman nan sun ba ni amana, wasu har bashin da ke kansu sun faɗa min. Kwana huɗu na yi ina goge sunaye da lambobin waya, ina mayar da kowane mutum lamba. Har sunan unguwa na cire inda na ga mutum ɗaya ne ke da injin ban ruwa biyu a wurin, don duk ɗan garin zai gane shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta irin wannan kulawa, amma ko babu doka, kunya ta isa.

Ya kamata mai shiga ya sani, ba a tantance ingancin abin da aka ɗora kamar yadda mujallu ke yi. Za ka iya sauke teburi ka tarar da lambobi zalla, ba ka san ko kilo ake nufi ko mudu ba. Shi ya sa na rubuta takardar bayani da Turanci da Hausa, na fayyace cewa "buhu" a wurina na shanshera ne, ba na gyararriyar shinkafa ba. Na kuma sa "noman rani" da "Dadin Kowa" cikin kalmomin nema.

Waɗannan kalmomi ne suka kawo min wata ɗaliba daga Bauchi mai bincike a kan manoman fadama. Ta rubuto tana neman izinin amfani da tambayoyina, na ce ai an riga an ba ta. Abin da ya taɓa ni shi ne da ta ce ta yi ta nema ba ta sami bayanan yankinmu ba sai kaɗan, alhali kowace shekara ɗalibai na fita daga jami'o'in Bauchi da Gombe da Kashere da kundaye masu bango mai kauri, bayanan da aka gina su a kai kuwa su bi tsohuwar kwamfuta su tafi.

Yanzu ina lallaɓa wani abokina da ya shekara biyu yana rubuta farashin masara da wake a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe cikin littafin awo. Ya amince in zo ranar Asabar mu fara shigar da su kwamfuta.