Bindigar da ɗanmu ya ce a aiko masa

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Umma? Mu nan Birmingham lafiya lau, sai sanyi da ya matsa mana tun watan jiya.

Na ga hoton da ka turo, na kuma ji saƙon muryar yaron, inda yake cewa in aiko masa da bindiga. Na yi shiru kwana biyu ne don ba na so in ce maka a'a kawai in wuce, kamar wanda ke ƙyashin kuɗi. Bindigar da ya gani a YouTube na san ta, na riƙe irinta, an ma harbe ni da ita. Bari in yi maka bayaninta filla-filla, sai ka yi mini hukunci da kanka.

Sunan abin eyasof. Bindiga ce da aka ƙera ta yi kama da ta gaske sak, amma babu albarushi a cikinta. Iska ce ke tura ƙwayar roba mai faɗin milimita 6, kusan girman waken suya, wadda nauyinta yawanci kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Asalinta daga Japan, a shekarun 1970. Dokar ƙasar ta hana farar hula mallakar ƙaramar bindiga, sai masu sha'awar abin suka koma ga kwaikwayonta, har ya zama babbar sana'a. Yau kamfanin Tokyo Marui na Japan shi ne ake yi wa kallon uban tafiya, sai kamfanonin Taiwan irin su WE da KJW. Wani abokin aikina a sito shi ya fara ja na filin da ake wasan harbin juna da ita bara, daga nan na ci gaba da zuwa lokaci-lokaci.

Ranar da na fara shiga shagon da ake sayar da su, na tsaya gaban gilashin ina kallon wata baƙa mai siffar Glock, ƙaramar bindigar nan ta gaske. Mai shagon ya ciro ta ya miƙo mini. Nauyinta da sanyin ƙarfen a tafin hannuna suka sa gabana ya faɗi, don wallahi in aka nuna maka ita da dare ba za ka tsaya tambaya ba. Na ce nawa? Bai faɗi kuɗi ba, sai ya tambaye ni lambata ta UKARA, wato rajistar 'yan wasan eyasof a nan Birtaniya. Na ce ba ni da ita. Ya karɓe abarsa cikin ladabi ya mayar, ya nuna mini wata irinta da aka shafe fiye da rabin jikinta da shuɗin fenti mai ɗaukar ido. Ya ce wannan ce kaɗai zai iya sayar mini, ita ma sai na nuna shaidar na kai shekara 18. Dokar da aka yi a 2006 ta hana sayar da bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske, sai ga wanda ke da hujja. Hujjar ɗan wasa ita ce rajistar nan, kuma ba a ba ka ita sai ka buga wasa sau uku a fili mai rajista, cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba. Ga kuɗi a aljihuna, ga kaya a gabansa, mutumin ya ƙi ciniki. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Ƙananan bindigogin iri-iri ne, kuma abin da ya raba su shi ne inda iskar ke samun ƙarfi.

Mafi sauƙi ita ce mai sifirin, kuma ka san ta, don ita ce 'yan tebur ke baza wa yara a gida da sallah, da ƙullin ƙwayoyi rawaya a leda. Ka ja murfin sama baya, sifirin ya matse, fistin ya maƙale. Ka taɓa kunama, fistin ya ƙwace ya tura iskar da ke gabansa ta cikin bututu, kamar dai famfon keke da aka danna da ƙarfi lokaci guda. Harbi ɗaya, sai ka sake ɗanawa da hannu. Ba ta cin gas, ba ta cin batir, ba ruwanta da sanyi. A nan ba a ɗauke ta kayan shiga fili ba, ta harbin gwangwani ce a bayan gida.

Wadda yaron ya gani mai gas ce, mai ja da baya, kuma ita ce ta fi burge ni a wajen ƙira. Gidan harsashinta aiki biyu yake yi: ƙwayoyi kamar 20 zuwa 25 a jere a gaba, a bayansu kuma tankin gas. A gindinsa akwai ɗan bawul irin na laita. Ka kifa shi, ka kifa gwangwanin gas a kai ka danna, kana jin ƙarar shigarsa har ya cika. Gas ɗin da suke kira kore ba wani abin mamaki ba ne, furofen ne, ɗan'uwan gas ɗin girki, aka zuba masa ɗan man silikon don robobin ciki kada su bushe. A cikin tankin ruwa ne, sai an buɗe masa hanya yake zama iska.

In ka ja kunama, wata 'yar guduma takan bugi bawul ɗin sama. Gas ya fito ya tunkuɗa ƙwayar waje. Da ƙwayar ta fice, wani ɗan bawul a cikin bakin ya rufe hanyar gaba, sai ragowar gas ɗin ya juya ya buga murfin sama baya. Murfin yana komawa baya yana ɗana gudumar, sifirin ya dawo da shi gaba, a hanya ya kwaso sabuwar ƙwaya ya cusa a bututu. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Kana jin bugun a wuyan hannunka, kana jin ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, kuma in ƙwaya ta ƙare murfin yakan tsaya a baya, yadda ta gaske take yi. Abin da ke sayar da ita ke nan. Mai kyau daga Tokyo Marui takan haura fam 100.

Amma tana da ciwo, kuma ciwon nata sanyi ne. Ka tuna yadda tukunyar gas take yin raɓa a jikinta in an daɗe ana girki? Ruwan gas in zai zama iska sai ya zuƙi zafi daga jikin abin da yake ciki. Haka gidan harsashin yake yin sanyi da kowane harbi, kuma yana sanyi ƙarfin gas yana raguwa. Ran wata Asabar a watan Janairu muna cikin daji, ciyawa duk ta yi fari da ƙanƙara, na ari bindigar abokina. Harbi na farko da na biyu lafiya. Wajen na shida murfin ya fara tafiya a kasale, na bakwai sai ta yi wani dogon huci, farin hayaƙi ya fito ta gefe, gas ɗin duka ya tsiyaye. Na ciro gidan harsashin, ya yi sanyin da har yana kama fatar yatsa. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa tsofaffin 'yan wasa ke cusa nasu a aljihun ciki, jikin ƙirji, kamar mai ɗumama ɗan tsako.

Maganin wannan ga wasu shi ne mai CO2, iskar nan da ke cikin lemon kwalba. Ana sayar da ita a 'yan ƙananan tulunan ƙarfe masu giram 12, a saka ɗaya a gidan harsashi a ɗaure noti har ya huda. Ƙarfin matsinta ya ninka na furofen kusan sau bakwai, shi ya sa ta fi jure sanyi, bugunta ma ya fi tsanani. Sai dai tana cin kayan ciki da wuri, kuma wasu sukan wuce ƙarfin da fili ya yarda da shi. Akwai kuma mai gas wadda murfinta ba ya motsi. Duk gas ɗin yana tafiya ga ƙwaya, don haka ba ta da ɓarna, ba ta da ƙara. Masu laɓewa a ciyawa suna son MK23 ta Tokyo Marui saboda haka.

Ta ƙarshe mai batir ce. Ɗan inji ne a ciki yake juya giya, giya ta ja fistin ta sake shi, wato aikin da hannunka ke yi a mai sifirin shi lantarki ya karɓa. Ba ta da bugu, ƙarfinta kaɗan ne, amma a hunturu ba ta ba ka kunya.

Abu ɗaya da masu kyau duka suke da shi, wanda na tebur ba su damu da shi ba: wata 'yar roba a farkon bututu da take gogar saman ƙwayar tana wucewa, ta sa ta juyawa baya. Kamar ɗan ƙwallo ne in ya sari ƙasan tamola, ka ga ta tashi tana shawagi maimakon ta faɗi da wuri. Akwai ɗan dabaran da ake murzawa a daidaita ta. In ta yi yawa ƙwaya ta yi sama, in ta yi kaɗan ta ci ƙasa.

To Yaya, kayan ke nan. Abin da ya fi kayan shi ne abin da aka kewaye su da shi. Kafin a fara wasa, kowa sai ya bi layi an auna bindigarsa a na'ura. Yawancin filaye ba sa yarda ƙwaya ta wuce gudun ƙafa 350 a daƙiƙa, wato wajen mita 107. Wadda ta wuce, jaka za ta koma. Dokar ƙasar nan ma tun 2017 ta sa iyaka da jul, ma'aunin ƙarfin harbi: jul 1.3 ga mai ɓarin wuta, jul 2.5 ga mai harbi ɗaya-ɗaya. A Japan bai kai jul ɗaya ba ma. Akwai wurin hutu da ba a shiga sai an cire gidan harsashi. Da ka tsallake igiyar wurin, tabarau na kariya ba ya barin fuskarka ko da gumi ya rufe shi, kuma ba kowane gilashi ba, sai mai tambarin gwaji. Na ga alƙalin fili ya tsayar da wasan mutum fiye da 50 saboda wani saurayi ya ɗaga nasa zai goge. Wanda ƙwaya ta taɓa shi ne da kansa zai ɗaga hannu ya fita, don ba ta barin fenti, amana ce kawai. Ni ta same ni a gaɓar yatsa daga nisan mita kamar 10, wurin ya fashe, ya yi mako yana zafi. Yatsa ke nan, ina ga ido.

Haka wajen ciniki. In ka sayi kaya ya zo da matsala, doka ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Shagon yana da makaniki a ciki, akwai kowace roba da kowane bawul a 'yan ledoji da lambarsu. Bindigar abokina da ta riƙa yoyo, wata 'yar roba ce ta tsage, aka canza cikin minti goma. A gida kuwa ka san rubutun da ke gindin rasit, kaya in sun fita ba sa dawowa. Amma in faɗi gaskiya, mai gyaran rediyo na bakin kasuwarmu in ka ba shi kayan gyaran nan zai yi aikin da ya fi nasu, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Hannu muna da shi. Kayan gyaran ne da gas ɗin babu, kuma gas ba ya hawa jirgi. Ko da ya isa, gwangwanin furofen a cikin mota a ranar watan Afrilu ba abin da zan so a kusa da yara ba ne.

Sannan ƙananan bindigogin iska suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata. Ko a nan, fita da ita bainar jama'a ba tare da dalili ba laifi ne, a jaka a rufe ake kai ta fili. A Amurka doka ta ce a sa wa bakin irin waɗannan bindigogi launin lemo. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana wasa da irin wannan bindiga wadda alamar lemon ta cire. Shekarun ɗanmu ke nan. Ka dubi halin da ake ciki a hanyoyinmu, shingen jami'an tsaro, 'yan sintirin unguwa, kowa a tsorace, sannan ka hango yaro ya fito lungu da magariba da baƙin abu a hannu yana nuna wa abokinsa. Ni na hango, kuma barci ya gagare ni.

Ko ta teburin ma ba na so. Ba ka manta yaron maƙwabtanmu ba, wanda aka kawo shi ranar hawan sallah hannu a kan ido, jini na bin yatsunsa, uwarsa na bin mota ba mayafi. Da ta sifirin ce, 'yar arha, kuma ɗan'uwansa ne ya harba ba da niyya ba. Babu wanda ya ce wa uban da ya saya a haɗa da tabarau, don mai teburin ma bai san ana yi ba.

Wanda zai taso ƙarshen wata zan ba shi saƙo. Akwai takalmin ƙwallo, ka turo mini lambar ƙafarsa yau ko gobe. Na sa tabarau na kariya guda huɗu, na gaske, don na san da sallah abokansa za su fito da nasu bindigogin ko mun so ko mun ƙi, ya sa ɗaya ya raba sauran. Ka ce masa in Allah ya kawo shi nan hutu, ni da kaina zan kai shi fili, a ba shi haya da abin rufe fuska gaba ɗaya, ya harba har ya gaji. Zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko in faɗa masa da bakina.

A gaishe da Umma da kyau, a ce mata maganin gwiwar yana cikin saƙon.

Ƙaninka.