Kazar Asil ta daina ƙwai: a bar ta ta yi kwanci ko a kai wa inji?

Ɗan'uwa, ka ce kajin dambenka irin Asil ne, sukan yi ƙwai 10 zuwa 12 sai su tsaya su lafe a gurbi. Kana so ka san wanne ya fi: ka bar su su ƙyanƙyashe da kansu, ko ka riƙa kwashe ƙwan kana zubawa a injin ƙyanƙyasa don su ci gaba da yi.

Kwantar da hankalinka, lafiyarsu ƙalau. Asil, wadda asalinta Indiya da Pakistan ne, ba don ƙwai aka tace irinta ba. A shekara takan yi 40 zuwa 70, alhali kazar gona ta ƙwai tana kusantar 300. Babu abincin da zai cike wannan giɓi. Abin da ke hannunka shi ne kwanakin da take ɓatawa ba ta yi.

Idan ka bar ta ta kwanta, lissafin a fili yake. Kwana 21 a kan ƙwai, sannan mako 5 zuwa 8 tana jan 'yan tsaki. Wata biyu zuwa uku ke nan babu ko ɗaya, domin sinadarin furolaktin da ke sa ta kwanci shi ne kuma ke tsayar da ƙwan. Amma dubi abin da ka samu. Ita ke juya su da baki, ita ke daidaita ɗumi, ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Kuma a wajen raino kaɗan ne ke kama ƙafar Asil. Ka matso kusa da 'ya'yanta ka ga yadda take bubbuɗe fukafukai, gashin wuya ya miƙe, ta yo kanka ba shakka. Illar dai ita ce ramewa, don sau ɗaya a yini take sauka ta ci ta sha, ga ƙwarƙwata da ke samun ta a zaune. Sai ka duba ƙarƙashin fiffike tun kafin ta kwanta, ka kuma ware mata wuri, saboda kajin wannan iri su ma faɗa suke yi da juna, ƙwai ya fashe a banza.

Inji kuwa yawa yake bayarwa. Kana kwashewa kullum, ita kuma tana ganin gurbi bai cika ba, sai ta ƙara. Sai dai duk aikin uwar ya dawo wuyanka: zafi digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a ukun ƙarshe, juyi aƙalla sau uku a yini har rana ta 18. Wajen kwana na 7 zuwa 10 ka haska su da tocila a cikin duhu; mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda ya fito fayau ka cire shi kafin ya zama baragurbi. Ƙwan da kake tarawa ma kada ya wuce mako guda a ajiye, wuri mai sanyi, tsinin yana ƙasa. Bayan ƙyanƙyasa ga ɗumama 'yan tsaki, digiri 33 zuwa 35 a makon farko. Wanda ba shi da tsayayyiyar wuta, wallahi ina jiye masa asarar iri mai kyau a dare ɗaya.

Wani abu da ake mantawa: kwashe ƙwai ba ya hana Asil kwanci har abada, za ta lafe ko a gurbin da babu komai. In ta yi haka, sa ta a keji mai ƙasan waya, da ruwa da abinci, kwana 3 zuwa 5. Iska na ratsa cikinta sai zafin kwancin ya sauka, bayan mako ɗaya ko biyu ta dawo yi. Ka haɗa mata da haske na awa 14 zuwa 16 a yini, da abinci mai furotin kashi 16 zuwa 18 da isasshen kalsiyam. Hatsi zalla ƙiba yake sa ta, ba ƙwai ba.

Ni a ganina, mai kaji biyu ko uku bai da buƙatar inji. Ya nemi wata kaza gama-gari mai son kwanci ya zuba mata ƙwan Asil ɗin, uwar ta ci gaba da yi, sannan ya bar ta ta ƙyanƙyashe nata sau ɗaya a shekara ta huta. Inji na mai kaji da yawa ne da wuta tabbatacciya. Ko wanne ka ɗauka, rubuta kwanan wata da alamar uwa da fensir a jikin kowane ƙwai, in ba haka ba nan da shekara ba za ka san wane zakara ne ɗan wace kaza ba.