Bushewar ido bayan ɗaukewar al'ada: wane maganin ɗigawa za ki saya?

Mata da yawa, da zarar al'ada ta ɗauke, sai su fara jin ido kamar an watsa masa yashi, ga zafi ga ƙaiƙayi, wani lokaci ma hawaye ya yi ta zuba haka kawai. Hawaye ba ruwa ne zalla ba. Akwai wani maiƙo da ke fitowa daga bakin fatar ido, kusa da gashin ido, shi ke hana shi saurin ƙafewa. Idan sinadaran jikin mace suka ja baya, maiƙon nan yakan ragu. Iskar hunturu da fanka da hayaƙin murhu kuma su ƙara dagula lamarin.

A kemis, abin da kike nema shi ne mai jiƙa ido, wanda aka rubuta Lubricant ko Artificial Tears a kwalinsa. Irin su Refresh Tears da Tears Naturale da Systane Ultra sun wadatar idan bushewar ba ta yi tsanani ba. Idan kuwa kin ɗiga, ba a jima ba idon ya koma gidan jiya, gwada mai ɗauke da maiƙo kamar Systane Balance, tunda maiƙon ne ya yi ƙaranci.

Inda zaɓin ya fi muhimmanci shi ne maganar sinadarin hana lalacewa. Yawancin kwalabe masu arha suna da shi, musamman benzalkonium chloride, wanda idan ya yi yawa shi kansa yana cin fatar ƙwayar ido. Mai ɗigawa sau biyu ko uku a rana ba ta da damuwa. Wadda ke wuce sau 4 gara ta sayi marar sinadarin, mai zuwa a 'yan ƙananan robobi da ake karya kai, a ɗiga, a yar. Ya fi tsada, gaskiya ne, amma a ganina a nan ne kuɗin ke biyan kansa.

Mai kauri irin Viscotears da man shafawa a ido sun fi daɗewa, sai dai gani kan yi hazo-hazo bayan an sa. Ki bar su sai za ki kwanta.

Akwai waɗanda mai kemis kan miƙo da zarar ya ga jan ido, kada ki karɓa. Masu faranta ido, da ke ɗauke da naphazoline ko tetrahydrozoline, jijiyoyi kawai suke matsewa, in kin daina jan ya dawo fiye da dā. Chloramphenicol na ƙwayoyin cuta ne, ba ruwansa da bushewa. Mafi haɗari su ne masu dexamethasone ko betamethasone: sauƙi nan take, amma yawan amfani da su ba da izinin likita ba kan jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kwalbar da aka buɗe, yawanci wata guda ne wa'adinta. Ki haɗa da gasa ido: tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, minti 5 zuwa 10, don maiƙon da ya daskare ya narke. Kwalli kuma a rage sa shi ta cikin fatar ido, daidai nan ƙofofin maiƙon suke.

Idan bakinki ma yana bushewa, ga ciwon gaɓoɓi, ko gani ya ragu, ko haske na damun ki, wannan ya wuce kemis, sai asibitin ido. Ki tafi da duk ƙwayoyin da kike sha, domin irin su Piriton ma suna busar da ido.