Iris Xe ko RTX 3050: Wanne Ya Fi Dacewa da Gyaran Hoto?

Ɗan'uwa ya tambaya: an yi masa tayin laptop biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko Intel Iris Xe ce da RAM 16GB, ta biyu NVIDIA RTX 3050 mai 4GB da RAM 8GB. Aikinsa hotunan biki ne a Photoshop da Lightroom.

Malam, dukansu za su buɗe Photoshop lafiya. Sharaɗin Adobe a Windows shi ne girafik ɗin, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, ya iya DirectX 12 (tsarin girafik na Windows) a matakin 12_0 ko sama, kuma duka biyun sun haye. Masu faɗuwa a nan su ne tsofaffi irin Intel HD 4000 da HD 4400. A kansu za ka tarar da Oil Paint, Perspective Warp da Scrubby Zoom sun dushe, ba sa dannuwa.

Bambancin yana wajen ma'aji, wato memorin girafik: RTX 3050 tana da nata 4GB. Iris Xe tana cikin furosesa ne, ba ta da nata, daga RAM take ara. Shi ya sa mai shago zai nuna maka 8GB ya ce girafik ne, alhali rabin RAM ɗinka ne Windows ya rubuta a matsayin aro. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna GPU, ka karanta layin Dedicated GPU memory. Sannan Iris Xe tana son RAM sanda biyu. In sanda ɗaya ce a ciki, gudunta yana raguwa sosai, wani lokacin ma ta bayyana da sunan UHD.

Gyaran fata, yanka, daidaita launi, aiki da leya ashirin ko talatin: Iris Xe da 16GB za ta riƙe, har ta fi ɗayar sakewa, domin 8GB yana cika da zarar ka buɗe Lightroom da Photoshop tare. Generative Fill kuwa, wato cike gurbi a hoto da AI, a kwamfutocin Adobe ake sarrafa shi, data yake ci, babu ruwansa da katinka.

Inda RTX ke yi mata fintinkau shi ne Denoise, wanda Adobe ta kawo a Lightroom a Afrilun 2023 don share dusar hotunan RAW (ɗanyen hoto kai tsaye daga kamara) da aka ɗauka cikin duhu. Hoton da RTX 3050 za ta gama cikin daƙiƙu, Iris Xe sai ta ɗauki mintuna fanka na ta kuka. Ka lissafa hotunan dina ɗari uku. Haka ma Lens Blur da zaɓen mutum ko sararin sama kai tsaye. Sai dai 4GB ɗin ma ba yalwa ba ce, 8GB Adobe ke ba da shawara ga irin waɗannan ayyuka.

In ka ɗauki mai RTX, girafik biyu ne a cikinta, kuma Photoshop kan kama ƙaramin. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka saka Photoshop.exe da sniffer.exe, ka zaɓa musu High performance. Sake buɗe manhajar, je Edit, Preferences, Performance, ka tabbatar sunan NVIDIA ne a ƙarƙashin Detected Graphics Processor. Direba kuma ka sauke Studio Driver daga shafin NVIDIA. Ka sani, da an ɗauke wuta ta koma kan batir, katin yana rage ƙarfi, cajin ma ba ya jimawa.

Duba allonta kafin ka biya. Yawancin laptop masu araha na wasan gem allonsu 45% NTSC ne, wato launukan da yake iya nunawa kaɗan ne, jan leshi sai ya koma kamar ya kwana a rana.

Ga mai hoton biki da dare, RTX 3050 ce, amma ka buɗe bayanta ka ga akwai ramin ƙara RAM, ka kai shi 16GB tun a shagon. In hotunanka na situdiyo ne mai wadataccen haske, Iris Xe ta ishe ka.