Na shiga injin hoton ƙwaƙwalwa ina lafiya lau

Yaya, bayan gaisuwa. Ina Inna, ina yara, ya zafin Garuwa? Kar ka tsorata da jin na je asibiti, ƙalau nake. Wani asibitin jami'a ne a nan Jamus yake neman masu lafiya don bincike, na sa suna. Har ladan Yuro 30 suka ba ni, kusan sefa dubu ashirin, wanda a nan cefanen kwana uku ne in ba ka sa nama ba. Kilishinmu kam sai dai a mafarki.

Kafin injin, likita ta zaunar da ni. Ta ce in rufe ido in taɓa hancina. In taɓa babban yatsa da sauran ɗaya bayan ɗaya, da sauri. In yi tafiya diddige na bin yatsun ƙafa kamar mai bin igiya. Ta rubuta lamba a tafin hannuna da bayan biro, in faɗi lambar ba tare da na gani ba. Gwaji 16 ne, likitocin birnin Haidelbag na nan Jamus suka tsara su. Wallahi a wajen gwajin dunƙule hannu, kafa gefensa kamar mai sara, sannan shimfiɗe shi, na rikice sau biyu, kuma hannun hagu yana motsi shi kaɗai in dama na aiki. Kunya ta kama ni. Ta ce ba cuta ba ce: waɗannan ƙananan alamu suna da yawa a yara, su ragu in an girma, su dawo da tsufa. Sun fi yawa ga masu wasu cututtukan taɓin hankali, amma mai lafiya ma bai rasa su ba. Abin da masu binciken suke nema shi ne ko alamun nan suna tafiya tare da ɗan bambancin girma a wasu sassan ƙwaƙwalwa, musamman ƙaramar nan ta ƙeya mai daidaita motsi.

Injin, wanda mu muka sani da IRM, maganaɗisu ne. An karɓe agogo da makullaina, aka toshe min kunne, na kwanta fiye da rabin awa cikin ƙara kamar injin niƙa.

Ina kwance ina tuna Baba da rawar hannunsa. Ka tuna mun kai shi, aka rubuta bitamin ba a ko ce ya miƙe ba? Ƙwararrun jijiya galibi suna Yawunde da Duwala, ga mota zuwa Ngaundare, ga kwanan jirgin ƙasa. Nan ma ba aljanna ba ce, inshora na biya amma ganin ƙwararre sai ka jira watanni. Sai dai abin da matar nan ta yi min kafin injin, kujera da biro kawai ya ci.

In kun koma da Baba, ka roƙi likita ya duba tafiyarsa da yatsunsa. Kuɗin mota zan turo ranar Juma'a in sha Allah.